Ladan Kuturu: Wa Ke Biyan Masu Ƙirga Mana Bindigogi?

'Yan'uwana matasa, yau lissafi za mu ɗan taɓa, sai a gyara zama.

A watan Agustan 2016 an yi wani taro a Abuja kan bazuwar makamai, inda shugabar cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kwance ɗamarar yaƙi a Afirka, Uwargida Olatokunbo Ige, ta shaida wa mahalarta cewa wai akwai ƙananan makamai na haram har miliyan 500 a Afirka ta Yamma, kuma kashi 70 cikin ɗari, wato miliyan 350, a Nijeriya suke. Jaridu suka ɗauka suka buga da manyan baƙaƙe. Daga nan maganar ta shiga bakin manya, wannan ya faɗa, wancan ya maimaita, har yau ba a rasa mai jawo ta idan yana son ya tsorata jama'a. To amma ɗan'uwa, tsaya ka yi lissafin da ko ɗan aji uku na firamare zai iya. A wannan shekarar mutanen Nijeriya gaba ɗaya ba su kai miliyan 200 ba. Ke nan kowane mai rai a ƙasar nan, har jaririn da ke goye da tsohuwar da ke tallan daddawa a kasuwar Haɗeja, yana da bindiga kusan biyu a ƙarƙashin gado. Tirƙashi!

Bayan shekara biyu, a 2018, wata cibiyar bincike da ke birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, mai suna Small Arms Survey, ta fitar da nata ƙiyasin. Ta ce duk bindigogin da ke hannun farar hula a faɗin duniya miliyan 857 ne, kuma miliyan 393 daga ciki a Amurka kaɗai suke. Nijeriya kuwa ta ba ta kimanin miliyan 6, sojoji da 'yan sandanmu kuma a haɗe ba su kai 600,000 ba. Tsakanin miliyan 350 da miliyan 6 ai ba tawayar mudu ba ce. Dole ɗaya ya shara ta, ko kuma ya ji a bakin wani ya kwaso bai tantance ba. Abin tambaya shi ne: wa ya ƙirga, ta yaya ya ƙirga, kuma wa ya biya shi ladan ƙirgar?

Kada wani ya ce mu ina ruwanmu da gardamar 'yan boko. Da ruwanmu ƙwarai, domin da irin waɗannan alƙaluman ake yanke hukunci a kan rayukanmu. A 2021 Gwamna Aminu Masari na Katsina ya nemi mutanensa su tashi su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Janar T.Y. Danjuma ya yi kiran kare kai a Jalingo a 2018, ya sake yi a Takum a watan Afrilun 2025, inda Gwamna Umar Namadi na Jigawa, wanda shi ma ɗan wannan masarautar ne daga Kafin Hausa, ya mayar da martani cewa barin kowa ya ɗauki makami hargitsi zai haifar. Kowanne cikin waɗannan manya yana magana da tabbaci. Amma wane ne a cikinsu ya ɗaga takarda ya ce ga ƙauyuka ɗari da suka riƙe bindiga, ga ɗari da ba su riƙe ba, ga adadin gawarwakin da kowanne ya binne? Kuma idan an ce a tashi a riƙe makami, ba 'ya'yan manyan ne za su kwana a bakin ƙauye da bindigar toka ba. Ni da kai ne.

Hausawa suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don ka ga yadda wannan karin magana yake aiki a fagen bincike, bari mu leƙa Amurka, ƙasar da bindiga ta kashe mutum fiye da 48,000 a shekarar 2021 kaɗai, fiye da rabinsu kuma da hannunsu suka harbe kansu, wal iyazu billah. A 1993 wani likita mai suna Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ɗauki nauyi. Suka gano cewa gidan da aka ajiye bindiga, haɗarin a kashe wani a cikinsa ya kusa ninka na gidan da babu har sau uku, kuma akasari ɗan gida ne ko makusanci yake yin kisan. Wannan magana ba ta yi wa ƙungiyar masu bindiga ta ƙasar, NRA, daɗi ba. Da ma ace sun kawo nasu malaman sun warware hujja da hujja, da babu laifi, domin an sami masana da suka soki hanyar da Kellermann ya bi, kuma haka ilimi yake tafiya. Sai suka nufi inda asusu yake. A 1996 wani ɗan majalisa daga jihar Arkansas, Jay Dickey, ya sa aka cusa wata saɗara a dokar kasafin kuɗi mai hana CDC kashe kuɗi wajen goyon bayan taƙaita mallakar bindiga, aka kuma zare dala miliyan 2.6 daga wannan sashen, daidai abin da hukumar ta kashe kan binciken bindiga a shekarar da ta gabata.

Lura da wayon, ɗan'uwa. Dokar ba ta ce an haramta bincike ba. Amma kowane ma'aikaci ya gane karatun kurman, kowa ya kama kansa. Fiye da shekara ashirin fagen ya zama kufai, matasan masana suka koma wasu fannonin da ake samun abinci. Shi kansa Dickey daga baya ya yi da-na-sani, har a 2012 ya haɗa kai da Mark Rosenberg, tsohon shugaban sashen da ya yaƙa, suka yi rubutu suna kira a dawo da binciken. Sai a ƙarshen 2019 majalisar ta sake ware dala miliyan 25. Ba a sayi malami ko ɗaya ya yi ƙarya ba. An dai toshe rijiyar ne, ƙishirwa ta kori kowa.

Da gwamnati ta janye, su wa suka cike gurbin? Attajirai masu ra'ayi. Michael Bloomberg, tsohon magajin garin New York, ya yi alkawarin dala miliyan 50 a 2014 ga ƙungiyarsa mai fafutukar taƙaita bindiga, kuma ita ma tana fitar da nata alƙaluman. Masu ƙera bindiga da dillalansu su ma suna da tasu ƙungiyar mai fitar da nata. Sai aka wayi gari idan an kawo sakamako ba a tambayar ko gaskiya ne, sai dai a ce na su wane ne. Da cibiyar RAND ta tattara binciken da aka yi ta tace a 2018, sai ta tarar da yawa daga dokokin da ake ta kumfar baki a kansu babu ƙwaƙƙwarar hujjar da ta nuna amfaninsu ko illarsu. Wannan fa a ƙasar da kowace gawa ake rubuta sababin mutuwarta ke nan. Ina ga mu?

Mu dawo gida. A ganina, babban ikon mai biyan kuɗi ba a kan amsa yake ba, a kan tambaya yake. Shi ke zaɓar abin da za a bincika, da inda za a je, da inda ba za a je ba. Kuma babu wurin da wannan ya fito fili kamar fadamar Haɗeja.

Tun 1987 aka kafa shirin kula da dausayin Haɗeja da Nguru da kuɗin ƙungiyoyin kare halittu na Turai, cikinsu har da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila. Dalili kuwa, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai a nan suke sauka su yi hunturu. Mijin Sarauniyar Ingila da kansa ya taka ƙafa ya zo Dagona a 1989. An shafe shekaru masana suna shiga kwalekwale da tabarau mai hangen nesa suna ƙirga agwagin ruwa a Baturiya da Nguru, an san nau'insu, an san shekarar da suka ƙaru da wadda suka ragu. An auna ruwan da ke gangarowa tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. An zana taswirar kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa. To ina littafin da aka rubuta adadin mutanen da aka kashe ko aka raunata a rikicin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma da Birniwa, shekara bi shekara, da irin makamin da aka yi amfani da shi? Je ka nema ka gani. Agwagwa ta sami mai biya mata kuɗin ƙidaya, ɗan Adam bai samu ba. Allah Ya kyauta.

Amma fa a yi adalci, kuma a nan nake son 'yan'uwa masu saurin cewa duk abin da Bature ya biya makirci ne su saurara. A farkon shekarun 1990 wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka zauna suka yi lissafin abin da fadamar nan take samarwa na noma da kifi da itacen girki, suka gwama da abin da noman rani na Kadawa yake samarwa da ruwan Tiga. Suka nuna cewa idan aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. Waɗanda suka ɗauki nauyin irin wannan aikin suna da tasu manufar, ba don Allah da Annabi suka zo ba, tsuntsayensu suke ji. Duk da haka sakamakon ya zama makami a hannun talakan Haɗeja da Gashuwa a gardamar gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are. Me ya sa ya tsayu? Don sun baje lissafinsu a faifai, duk mai shakka yana iya bi ya sake. Ashe ke nan mai manufa yana iya biyan kuɗin gaskiya, matuƙar an bar ƙofa a buɗe.

Haka nan cibiyar Conflict Armament Research ta Ingila, wadda Tarayyar Turai da gwamnatin Jamus ke ba kuɗi. A watan Janairun 2020 ta fitar da rahoto kan makaman rikicin manoma da makiyaya, bayan ma'aikatanta sun duba waɗanda jami'an tsaro suka kama a jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara. Sun bi lambar da ke jikin kowace bindiga, suka gano wasu daga rumbunan gwamnatin Kwaddebuwa suka sulale, wasu daga Libiya, wasu daga hannun jami'an tsaronmu, wasu kuma ƙirar Turkiyya ne da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwan Legas. Wannan ya yi daidai da abin da kwastan suka kama a 2017: bindiga 661 a watan Janairu, 1,100 a watan Satumba, ban da wasu kamun. Aiki ne mai kyau, domin lamba ba ta ƙarya. Amma dubi tambayar: daga ina bindigar ta fito? Wannan ita ce damuwar Turai, don tana tsoron abin da ke ratsa Sahara. (A gefe guda kuma, Jamus ɗin nan tana cikin manyan masu sayar da makamai a duniya. Ban ce wannan ya ɓata rahoton ba, na dai ce a sani.) Tambayar da ta dame mu a nan daban take: me ya sa yaron da jiya yake kiwo da sanda, ko yake ban ruwa a gonar shinkafa, yau yake neman makami? Jigawa ma ba ta cikin jihohin da aka je, don ba a kashe mu da yawan da zai ja hankalin masu asusu ba tukuna. Sai wuta ta ci gari sannan za a turo mai ƙirga toka.

Alhali duk wanda ya tashi a yankin nan ya san tushen abin. Madatsun ruwa sun rage ambaliyar da ke shayar da fadama a kan lokacinta, kachala ta karkatar da ruwa, wani wurin ya nutse wani ya bushe. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 aka bazo injinan ban ruwa, sai fadamar da shanu ke sauka da rani ta koma gonaki. Burtali ya tsuke, mashaya ta shige tsakiyar shuka. Da kaka garke ya iso kafin a gama kwashe amfani, sai a wayi gari da gawa. Kuma sau da yawa ba AK-47 ce ke kisan ba, kwari da baka ne, da adda, da gora. Idan mai bincike ya zo da takardar da bindiga kawai take tambaya, don kuɗin bindiga aka ba shi, zai koma ya rubuta cewa lafiya lau ake a Guri. Idan kuma kuɗin ta'addanci aka ba shi, kowane makiyayi ɗan ta'adda zai gani.

Ba zato nake yi ba, an yi. A 2015 wata cibiya da ke Ostireliya ta fitar da jadawalinta na ta'addanci a duniya, ta sanya abin da ta kira mayaƙan Fulani a matsayi na huɗu wajen kisa, bayan Boko Haram da ISIS da Taliban, ta ɗora musu mutum 1,229 a shekarar 2014. Bayanan ta samo su ne daga wata ma'ajiya ta Jami'ar Maryland wadda gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyi a lokacin, ita kuma ma'ajiyar daga labaran jaridu take tsinta. Babu mai musun cewa an kashe bayin Allah, kuma waɗanda suka kashe su azzalumai ne ko daga wace ƙabila suke. Amma aka tattara ɓarayin shanu, da 'yan fashin daji, da faɗan gona, da ramuwar gayya, aka zuba a buhu ɗaya aka rubuta sunan ƙabila guda a jiki, kai ka ce ƙungiya ce mai shugaba da tuta. Wannan suna ya bi duniya, ya shiga majalisun Turai da Amurka, kuma Bafulatanin da ke kawo nono kasuwar Malam Madori shi ma ya sami rabonsa na zargin.

Galibin masu ƙirga mutuwa a Nijeriya jarida suke karantawa. Haka Nigeria Watch take yi, wadda wani masani Bafaranshe ya assasa a 2006, daga baya ta zauna a Jami'ar Ibadan. Haka wata cibiyar hulɗar ƙasashen waje ta New York ta riƙa yi daga 2011 zuwa 2023. Ba su ɓoye wannan ba, sun faɗa, kuma ƙoƙarinsu ya fi babu. Sai dai ka tambayi kanka: wakilan jarida nawa ne ke kwana a ƙauyukan bayan Kirikasamma da damina, lokacin da sai da kwalekwale ake shiga? Mamacin da aka sallata aka binne kafin la'asar, kamar yadda addini ya koyar da mu, ba tare da ɗan sanda ko ɗan jarida ya ji ba, a wurin waɗannan cibiyoyin bai mutu ba.

Wani zai ce to gwamnatinmu ta yi da kanta mana. Ta taɓa gwadawa. Kwamitin shugaban ƙasa kan ƙananan makamai da aka kafa a 2013 ya yi binciken gida-gida a 2016, amma da taimakon cibiyar Janiba da kuɗin Jamus, kuma sai a 2021 rahoton ya fito, shekarar da aka maye gurbin kwamitin da wata cibiya a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A watan Disamban 2024 kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da rahoton da ya ce daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024 an kashe mutum 614,937, an sace fiye da miliyan 2, an biya kuɗin fansa naira tiriliyan 2.23. Wato ana kashe fiye da mutum 1,600 kowace rana. Ka sani ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da manyan laifuka ya ƙiyasta kisan kai na duniya baki ɗaya a 2021 da kimanin 458,000. Yaya Nijeriya kaɗai za ta zarce duniya? An tambayi gidaje 'yan dubbai ne aka ninka amsarsu ta game ƙasa, kuma a irin wannan lissafin kuskure kaɗan yakan zama dutse. Abin da ya dace shi ne a fito da takardun a fili masana su yi ta fafatawa har a gano inda gizo ke saƙar. Me aka gani? Washegari hukumar ta sanar cewa an yi wa shafinta na intanet kutse, shafin ya ɓace makonni. Biri dai ya yi kama da mutum. Gwamnati tana da buƙatar adadi ya yi ƙasa don a ce tana aiki, hukumomin tsaro suna da buƙatar barazana ta yi sama ranar kare kasafi, ƙungiyar da ke neman tallafin waje tana da buƙatar ya yi sama don kwangila ta ci gaba, ɗan adawa shi ma haka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mu Haɗejawa ma bai kamata a koya mana wannan ba. A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka buɗe wa garin nan wuta da manyan bindigogi, Sarki Muhammadu Mai Shahada ya kwanta dama tare da manyan fadawansa da jama'a masu yawa. Wa ya rubuta rahoton da ya tafi Landan? Wanda ya yi harbin. Kuma tun a 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasal ta taƙaita sayar wa baƙar fata bindigogin zamani, da sunan yaƙi da cinikin bayi. Dokar makamai ta 1959, wadda ta raba bindigogi gida uku, na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, na kare kai da farauta sai Sufeto Janar, na toka kuma kwamishinan 'yan sanda, ita ma gadon zamanin Turawa ce.

To mece ce mafita, mu yi watsi da duk wani bincike? A'a. Wanda ya zauna gaban malami ya san magabatanmu sun riga kowa sanin wannan matsalar. A babin shaida na littattafan fiƙihu an koya mana cewa alƙali ba ya karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita, ko abokin gaba a kan abokin gabarsa. Malaman hadisi kuma ba su taɓa karɓar labari don ya yi musu daɗi ba, sai sun bi isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, sun haɗu kuwa, yaya haddarsa, yaya amanarsa? Sun kuma karɓi ruwayar mutanen da suka saɓa da su a ra'ayi idan gaskiyarsu ta tabbata, sai dai sukan ƙara sa ido idan ruwayar tana ƙarfafa ra'ayin mai ita. Wannan shi ne ma'aunin. Ka ɗora miliyan 350 a kai, za ka tarar ba ta da isnadi ko kaɗan, ba a faɗi wanda ya ƙirga ba. Ka ɗora miliyan 6, za ka ga ita ma ƙiyasi ce, amma an bayyana hanyar da aka bi da gwamnatocin da suka biya. Ka ɗora rahoton lambobin bindiga, za ka ga ingantacce ne a kan abin da ya gani, ba ya kuma magana a kan abin da bai gani ba. Abin kunya ne matashin da ya san bambancin sahihi da mauduʼi ya riƙa tura wa jama'a kowace lamba da ya tsinta a WhatsApp don kawai ta dace da fushinsa.

Akwai kuma wata amana da ta rataya a wuyanmu kai tsaye. Idan waɗannan cibiyoyin suka tashi aikin tambayoyi, ba Turawa ne ke shiga ƙauye ba, irinmu ake ɗauka, masu takardar sakandare ko difloma, a ba mu waya ko takardu da ɗan kuɗin mota. Kowa ya san yadda wasu ke yi: a sami gindin darbejiya a zauna a cike takardar gida talatin da ka, a koma a karɓi alawus. Wannan ƙaryar ita za a ninka sau dubbai ta zama adadin ƙasa, a kai majalisa a yi doka da ita. Shaidar zur ce, ko da an kira ta aikin wucin gadi. Kuma haƙƙinka ne kafin ka karɓi aikin ka tambayi wanda ya biya da inda amsoshin za su tafi, domin mutanen ƙauye saboda fuskarka suke buɗe baki.

Sannan me zai hana mu ƙirga namu da kanmu? Masarautar nan ƙananan hukumomi takwas ce: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Muna da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, muna da kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga asusun bincike na TETFund. A Sakkwato, Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya shiga dazukan Zamfara ya zauna da 'yan bindiga da waɗanda suka zalunta, ya gabatar da abin da ya gano a 2021, wanda ya nuna namu ma suna iyawa. Sai dai kada kuɗin ya fito daga aljihu ɗaya, ko na gwamna ne, ko na Bature, ko na wani alhaji mai gonar shinkafa ko mai garke. 'Yan kasuwar kifi su kawo, manoma su kawo, makiyaya su kawo, mai son yin waƙafi ya yi, gwamnati ta sa nata amma ba tare da sharaɗin sai ta ga sakamako kafin a buga ba. A rubuta sunan kowane mai bayarwa da abin da ya bayar a shafin farko. A tsayar da tambayoyin tun kafin a fara, a gaban wakilan manoma da na Fulani, kuma a yi alkawarin bugawa ko wa abin ya kayar, da Hausa da Fulatanci, a karanta a rediyo.

Gargaɗi ɗaya, don na san zafin jinin wasunmu: kada wani ya ɗauki littafi ya shiga ƙauye yana tambayar wa ke da bindiga. Za a ɗauke ka ɗan leƙen asiri, kuma idan sunayen suka faɗa hannun da bai dace ba ka jawo wa bayin Allah bala'i. Rauni da gawa za a ƙirga, ba masu makami ba. Bayanin yana nan a warwatse: ma'aikacin asibiti ya ga raunin, mai unguwa da dagaci sun san ranar, arɗo ya san na rugarsa, liman ya san wanda ya sallata. Layi huɗu kawai ake buƙata a littafi, babu sunan kowa: rana, gari, irin makamin, da abin da ya haɗa faɗan. Idan aka fara daga kakar bana a Guri da Kirikasamma kaɗai, kafin shekara uku za a san ko bindiga tana ƙaruwa a fadamar nan ko kuwa har yanzu kibiya ce, a wane wata abin ya fi tsanani, kuma a kan wane burtali.